GAGGAWA DA KUNYA: ABOKAN GABAR MAI SAYEN GIDA

   

Ya ku 'yan'uwa, sanin kowa ne cewa babu wani buri na duniya da ya fi zama a zuciyar magidanci kamar ya ga ranar da zai rufe ƙofar gida nasa na kansa, ya huta da sallamar mai haya da ƙarin kuɗi duk shekara da kwasar iyali daga wannan unguwa zuwa waccan. Saboda wannan buri ma'aikaci kan yi shekara 20 yana tari, ɗan kasuwa ya taɓa jarinsa, manomi ya kaɗa shanunsa kasuwa, mace ta tuɓe gwal ɗinta. Amma duk wanda ya saba zama a kotunan shari'a ko zaurukan sulhu ya san rigimar gida da fili ba ta yankewa, kuma sau da yawa wanda ake bari da hawaye shi ne mai sayen farko, wanda bai taɓa yi ba, ba shi kuma da halin sake yi.

Da muka duba kura-kuran da ke jefa mutane cikin wannan hali, sai muka ga dukkansu 'ya'yan abu biyu ne, wato gaggawa da kunya. Gaggawa ita ce dillali ya ce maka akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe, sai hankalinka ya tashi, ka biya abin da ba ka bincika ba. Kunya kuwa ita ce ka ga mai sayarwa dattijo ne, ko sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, sai ka ji nauyin ce masa ya nuna takarda, ko a rubuta, ko a kira shaidu. Ra'ayinmu shi ne wannan kunya ba ta cikin kunyar da addini ya yaba, domin shari'a da kanta ita ta umarce mu da tambaya da rubutu da kafa shaida.

WANE NE MAI GIDAN?

Kuskure na farko, wanda kuma ya fi kowanne ɗaci, shi ne mutum ya ɗauka wanda ya gani zaune a gida, ko wanda ke riƙe da makulli, shi ne mai shi. Littattafan sira da Sahihul Bukhari sun nuna cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, filin da taguwarsa ta durƙusa na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su ba shi kyauta, amma bai amince ba sai da aka yi ciniki aka biya su, sannan aka gina masallaci. To in har filin masallacin Annabi sai da aka san masu shi aka ba su haƙƙinsu, ina ga gidan da za mu kwana a ciki da iyalanmu?

Da yawa daga tsofaffin gidajen da ake sayarwa a biranenmu, kamar Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, gidajen gado ne, kuma nan ne ramin yake. Babban wa yakan tsaya ya yi ciniki shi kaɗai, ya ce ai shi ne uban gida yanzu, alhali a cikin magada akwai mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, akwai matar mamaci da ba a fitar mata da tumuninta ba, akwai ƙananan marayu, wani lokaci ma akwai bashin mamaci da wasiyyarsa waɗanda shari'a ta ce a fitar kafin rabo. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, in mutum ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai abin. In ya ƙi, ciniki ya rushe. Ma'ana, ƙanwa ɗaya da ba a tuntuɓa ba tana iya zuwa bayan ka yi fenti ka tare, ta nemi rabonta, kuma ita ce mai gaskiya.

Bugu da ƙari, akwai haƙƙin shuf'a. In gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu shi ya sayar maka da kasonsa, abokin tarayyarsa yana da ikon mayar maka da kuɗin da ka biya ya karɓe kason, kuma malaman mazhabar sun ce wannan haƙƙi yakan kai kimanin shekara guda bai faɗi ba, ga wanda yake nan kuma ya san da cinikin. Saboda haka mai sayen gidan gado ya nemi takardar rabon gado ta kotu, ya san adadin magada ɗaya bayan ɗaya, kowane baligi ya sa hannu da kansa ko ta wakili mai rubutaccen wakilci, rabon marayu kuwa kada a taɓa shi sai da izinin alƙali. Wanda ya ga wannan ya yi tsawo, ya tuna da gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i ga masu cin dukiyar marayu, da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito mai tsananin narko a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani. Mai saye da ya san akwai zalunci a ciki ya rufe ido, ba zai kuɓuta ba don kawai ya biya kuɗi.

Haka nan a tambaya ko gidan yana gaban kotu, ko an jinginar da shi, ko waƙafi ne, ko an taɓa sayar wa wani. Ba banza ba ake rubuta wa a bangayen gidaje cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Masu gidajen sun san 'yan damfara sukan sayar da gida ɗaya ga mutum uku. Maƙwabta na dama da hagu da limamin unguwa sun fi dillali sanin tarihin gida, kuma tambayarsu ba ta cin ko kwabo.

TAKARDAR MAI UNGUWA DA TAKARDAR GWAMNA

Kuskure na biyu shi ne rashin sanin abin da dokar ƙasa ta ce. Tun watan Maris na 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Filayen birni shi ke bayar da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama, wanda takardar da aka fi sani da C of O ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. An kuma cusa wannan doka cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, saboda haka ba abu ne da za a sauya cikin sauƙi ba. Ko muna son dokar ko ba ma so, ita ce alƙali zai buɗe ranar da aka kai ƙara babbar kotu.

Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke da irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba. In banki mai tarin lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga malamin makaranta? Da yawa cikinmu sukan karɓi takardar mai gida na farko da sunansa a jiki, su sa a ƙasan adaka, su ɗauka an gama, alhali a rajistar gwamnati gidan yana nan da sunan wancan. Shekaru na tafiya, wancan ya rasu, kai ma ka rasu, sai 'ya'yansa da 'ya'yanka su gamu a kotu.

Takardar mai unguwa ko dagaci tana da amfaninta, domin shaida ce ta cewa an yi ciniki a gaban mutanen da suka san wurin. Amma doka ba ta ba su ikon mallaka wa kowa ƙasa ba, kuma hatiminsu ba ya tsayar da motar rusau. Wannan ya fi shafar filayen awon igiya, inda mai gona zai yanka ta fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, babu isasshen titi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta. Mun san talauci da wuyar samun fili daga gwamnati su ke tura jama'a can, kuma laifin hukumomi a nan ba ƙarami ba ne. Duk da haka, wanda zai saya ya sani cewa in gwamnati ta zo fitar da hanya, abin da dokar ta tanada shi ne diyyar gini da amfanin da ke kan ƙasa, kuma mara takarda shi ya fi shan wuya kafin ya ga ko sisi.

Alhamdu lillahi, bincike ya fi sauƙi yanzu. Abuja tana da AGIS, Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, wasu jihohin ma sun kafa irinsu. Da ɗan kuɗi kaɗan lauya zai nemi a duba fayil, a ga sunan wa ke ciki, ko akwai jingina, ko an soke takardar, ko ana bin bashin kuɗin ƙasa. A kuma ɗauki safiyo ya auna ya tabbatar da cewa filin da ke takarda shi ne wanda aka nuna maka. Sannan a duba me aka ware wurin dominsa tun asali. Rusau da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, da wanda aka yi a Kano a watan Yuni na 2023 a wurare irin su filin Idi, sun isa wa'azi. Ba mu shiga muhawarar wa ke da gaskiya ba. Darasin da ya shafe mu shi ne cewa wurin da jama'a suka sani na makaranta ne, ko maƙabarta, ko badala, ko filin Idi, takardar da wata gwamnati ta ba ka a kansa wata tana iya zuwa ta ce ba ta san zance ba.

DA WANE KUƊI ZA A SAYA?

Kuskure na uku shi ne a gina gida a kan riba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, kuma an san shi da bayar da bashin gida a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Mutane da yawa sukan ce ai wannan ruwa kaɗan ne, taimako ne daga gwamnati. To mu yi lissafi. Wanda ya ci bashin Naira miliyan 10 a kan haka, zai riƙa biyan kusan Naira 60,000 duk wata, kuma kafin ya gama ya biya sama da miliyan 21. Wanda kuwa ya je bankin kasuwanci ya karɓi miliyan 10 a kan kashi 20 cikin 100 na shekara 15, abin da zai biya ya haura miliyan 31. In ya gaza a tsakiya, saboda ciwo ko kora daga aiki, gidan ne za a yi gwanjonsa.

Amma hujjarmu ba ta tsaya ga lissafi ba. Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ƙarin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara ba su bar wa kowa mafaka a kan wannan ba. Muna sane da cewa a 1999 Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a can su sayi gidan zama da irin wannan bashi in babu wata hanya, kuma wasu a cikinmu sukan kafa hujja da wannan. Sai dai malamai da dama sun saɓa wa fatawar tun a lokacin, kuma ko masu ita sun gina ta ne a kan matsananciyar buƙata da rashin mafita ga tsirarun Musulmi a ƙasashen da ba nasu ba. Mu a nan bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukkansu a kan tsarin da babu ruwa. Wanda ke da ƙofa a buɗe ba zai kafa hujja da wanda aka kulle ba.

Wannan ba yana nufin duk abin da aka liƙa wa sunan Musulunci a sa masa hannu ido rufe ba. In murabaha ce, dole banki ya mallaki gidan tukuna sannan ya sayar maka a kan farashi sananne wanda ba ya ƙaruwa don ka yi jinkiri. In haya ce mai ƙarewa da mallaka, ko tarayya ce da kake sayen kason banki sannu a hankali, a san wa ke ɗaukar asara in gini ya rushe, a kuma san yadda ake sauya kuɗin haya. A kai takardar ga malami masanin mu'amala da kuma lauya kafin a sa hannu. Halal ma tana iya fin ƙarfin mutum; in biyan wata zai cinye abincin yara da kuɗin makarantarsu, haƙuri ya fi.

Hanyar da iyayenmu suka bi tana nan ba ta toshe ba: a sayi fili mai tsabtar takarda, a kewaye, a yi ɗaki biyu da banɗaki a shiga, a riƙa ƙarawa gwargwadon buɗi. Akwai adashi, akwai ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata masu ba da bashi babu ruwa, akwai saye daga mai gida a biya kashi-kashi a kan farashin da aka yanke tun farko, wanda jumhurun malamai suka halatta. Sannu ba ta hana zuwa. Muna kuma kira ga mawadatanmu su tuna cewa ba wa ɗan'uwa bashi mai kyau ya rufa wa iyalinsa asiri yana cikin manyan ayyukan lada da muka yi sakaci da su.

A nan ne ya kamata a ambaci kuɗaɗen da mai sayen farko kan manta: la'adar dillali, kuɗin lauya da safiyo, kuɗin amincewar gwamna da hatimi da rajista, tsohon bashin wutar lantarki da ke kan gidan, da gyare-gyaren da ba a rasawa. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a farashin gida kaɗai, shi ne kan bar canjin suna sai wani lokaci, wani lokacin kuwa ba ya zuwa.

GANI YA KORI JI

Kuskure na huɗu shi ne sayen gida da rani, ko da daddare, ko ta hoton waya. Fenti yana ɓoye tsagewar bango, amma damina ba ta rufa wa kowa asiri. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta mamaye babban sashe na Maiduguri, shekara 30 bayan irinta ta 1994, sannan ta garin Mokwa a watan Mayu na 2025 ta hallaka sama da mutum 150. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Filin da aka cike kududdufi ko aka toshe makwarara aka yi shi, komai araharsa, a bar shi. Haka gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki: ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe na layi mai ƙarfin kilobolt 330, da mita 15 ga mai 132.

A tafi da injiniya ko amintaccen magini wanda ba na mai sayarwa ba, ya duba harsashi da bulo da rufi, da nisan masai daga rijiya. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye damar neman ragi ko mayar da gida in aibin babba ne, amma karɓo kuɗin da aka riga aka kashe ba ƙaramin aiki ba ne. A kuma dubi maƙwabta kafin a dubi ɗakuna, domin da su 'ya'yanka za su tashi. A san nisan masallaci da makaranta da asibiti da ruwan sha. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gida mai araha a bayan gari yana iya cinye ragin da aka samu a kuɗin mota kaɗai.

A RUBUTA, KO DA TSAKANIN 'YAN'UWA NE

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda ya fi yawa a tsakaninmu, mu da muke ganin mun yarda da juna saboda Allah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma waɗanda aka fara yi wa wannan umarni su ne Sahabbai, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba tuhuma ba ne ga mai rai. Kariya ce daga mantuwa da mutuwa da magadan da ba su halarci ciniki ba. Saboda haka a rubuta farashi da iyakoki da ranar miƙa makulli, da matsayin 'yan haya in akwai su, da makomar kafin alƙalami in ciniki ya warware, domin Malikiyya da mafi yawan malamai ba su yarda mai sayarwa ya cinye shi ba. A biya ta banki da sunan mai gida, ba ta hannun dillali ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

Sannan a ji tsoron Allah game da dukiyar mata. Sau nawa mace ta sayar da gwal ɗinta ko gonar gadonta ta cika wa miji kuɗin gida, aka rubuta sunansa shi kaɗai, ya rasu, aka raba gidan duka a matsayin gado, ta tashi da tumuni ko wani yanki na tumuni? In bashi ta ba ka, a rubuta bashi ne; in tarayya ce, a rubuta kasonta; in kyauta ce da daɗin rai, ita ma a kafa mata shaida. Haka tsakanin wa da ƙane da suka haɗa kuɗi. Zumuncin da ake tsoron takarda za ta ɓata, rashin takardar ne ke yanke shi a ƙarshe.

Ya ku 'yan'uwa, gidan da ya gagare ka saboda ka tsaya bincike, dama ba rabonka ba ne, kuma mai gaskiya ba ya fushi don an ce ya nuna takarda. Muna kira ga limamai da masu wa'azi su riƙa karantar da babin ciniki da shuf'a da gado kamar yadda suke karantar da tsarki da salla, kuma lauyoyi da injiniyoyi da ke cikinmu su ware lokaci su riƙa duba wa masu ƙaramin ƙarfi takardu da gine-gine saboda Allah. Allah Ya azurta mara gida da gida na halal, Ya sanya albarka ga masu shi, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa gidanmu na ƙarshe ya fi na duniya kyau. Amin.